Kawu Mai Karanta Sawu a Gaban Raga

Ranar Talata da hantsi Allah ya karɓi ran Kawu, yayan mahaifiyata, a gidansa da ke Gumel, bayan ya sha jinya. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Mun ɗauka zaman makoki na dangi da maƙwabta za mu yi, tunda Kawu ba mai sarauta ba ne, ba kuma babban ma'aikaci ba. Tabarma huɗu muka shimfiɗa a ƙofar gida. Kashegari sai da muka aro na masallaci.

Yawancin waɗanda suka cika ƙofar gidan, dangi ba su san su ba. Magidanta ne masu furfura a gemu, wasu sun ajiye tumbi, wasu suna ɗingishi. Wani ya zo a babur tun daga Sule Tankarkar, wasu huɗu suka matsu a a-daidaita-sahu ɗaya daga Gagarawa Tasha. Matar Kawu, wadda muke kira Iya, ta aiko daga cikin gida a tambaye ni su wane ne waɗannan, ko sun yi ɓatan gida ne. Na ce a gaya mata ba su ɓata ba, 'yan ƙwallon kwalejinmu ne na shekaru daban-daban, kuma duk a filin Kawu suka yi wasa.

Wani daga cikinsu, wanda yanzu shugaban makarantar firamare ne, ya miƙo mini hannu ya ce, "Ya haƙuri?" Ya zauna a bakin tabarma yana zane a ƙasa da yatsa har aka kira azahar. Wani kuma dariya ya zo da ita. Ya ce, "Ni fa Baba mai fili ya taɓa bi na da sanda tun daga raga har ƙofar ɗakin karatu, don kawai na ratsa filin bayan ya share." Aka yi dariya, shi ma ya yi, sai ya ja hularsa ya rufe fuska.

Duk wanda ya zo sai ya riƙe hannuna fiye da na sauran dangi, ya ce, "Kai ne nasa, kai ka fi mu rashi." Ina amsawa da "Allah ya ba da lada." Abin da ba su sani ba, ko suka sani suka yi mini kara, shi ne na taɓa ci wa mutumin nan mutunci a bainar jama'a, kuma na yi shekara ashirin da 'yan kai ina shirin neman gafararsa ban nema ba. Da wannan nake kwana, da shi nake tashi tun ranar Talatar. Ina so a san wane ne Kawu, kuma ba zan iya faɗar wane ne shi ba sai na faɗi abin da na yi masa.

A ruga aka haife shi, can wajen Sule Tankarkar, ya tashi da sanda a kafaɗa yana bin shanun mahaifinsu. Mahaifiyata ta ce tun yana saurayi idan saniyar wani ta ɓata shi ake kira. Zai sunkuya a bakin rijiya inda garke goma suka sha ruwa, ya ware kofaton wadda ake nema, ya bi ta har inda ta kwana. Da aka yi fari ya cinye dabbobinsu, sai ya shigo gari, ya samu aikin leburanci a kwalejin, aka ba shi kula da filin ƙwallo. Bai taɓa shiga aji ba. Ban kuma taɓa ganin ya taɓa ƙwallo da ƙafa ba, idan ta gangaro wajensa da hannu yake ɗauka ya miƙa.

Filin namu yashi ne, babu ciyawa sai 'yar wadda damina ke kawowa. Aikinsa shi ne ya tsince ƙaya, ya zuba toka a kan layi, ya ɗaura raga. Shi ya ƙara wa kansa wani aikin da babu wanda ya sa shi. Kafin kowane wasa zai ɗaure babban reshen aduwa da igiya, ya ja shi daga wannan raga zuwa waccan har filin ya yi sumul. Daga nan babu mai taka shi sai 'yan wasa da alƙali. Idan aka tafi hutun rabin lokaci muna shan ruwa, shi yana cikin fili, hannu a baya, kai a sunkuye. Ya san takalmin kowannenmu, don shi ke kai su wajen mai gyara idan sun yage, na baƙi kuwa minti goma na farko ya ishe shi ya haddace su.

Zai dawo wajen malamin wasanni, wanda shi ne kocinmu, ya tsuguna kamar mai gaisuwa, ya yi magana uku ko huɗu.

"Malam, lamba biyar ɗinsu ba ya juyawa ta hagu. Duk inda ya juya, dunduniyar dama ce ta nutse. A bi ta hagunsa."

Ko ya ce, "Bakwai ɗinmu gudu yake shi kaɗai. Na bi sawunsa sau shida, babu ƙafar ɗan uwansa ko ɗaya a kusa. Idan aka tare shi, wa zai ba?"

Ko kuma, "Yashin gefen gabas ya yi zurfi yau. Kada namu su ɗauki ƙwallo da gudu ta can. A tura baƙin su shiga, su gaji."

Malamin wasanni mutum ne mai takardun shaida har da na horar da 'yan wasa, amma mai hankali ne. Zai gyaɗa kai, ya juyo ya maimaita mana maganar da Turanci kamar shi ya hango ta. Mun sani, Kawu ya sani, babu wanda ya taɓa tankawa. Kafin a busa usur Kawu ya sake jan reshensa a gaban ragogin biyu. Har yau ban tabbatar ba ko duk abin da yake faɗa a ƙasa yake karanta shi, ko rabinsa da ido ya gani tun ana wasa. Na dai san ba a cika kama shi da kuskure ba.

Abin da ya fi damunsa shi ne yadda ake kai hari. Yana cewa, "Ƙwallo ɗaya ce, ƙafa arba'in da huɗu, kuma kowa ɗayar yake kallo." A wajensa hari aikin mutum uku ne kafin a zo kan na huɗu. Akwai mai ja, wanda zai yi gudu ba ƙwallo a ƙafarsa don ɗan bayan abokan hamayya ya bi shi ya bar gurbi. Akwai mai tarewa, wanda zai sa jikinsa tsakanin ɗan uwansa da mai zuwa ƙwace. Akwai mai ɗauka, wanda zai ruga da ƙwallon ta gurbin da aka buɗe. Wanda ya zura ta a raga kuwa, mai ƙarasawa yake ce masa, kuma yadda yake faɗar kalmar za ka san ba ta cika masa ido ba. Ya ce haka ake wuce da garke ta burtali lokacin da gero ya yi tsawo, wani a gaba, wani a gefe yana tare su kada su faɗa gonar mutane, kuma idan aka isa lafiya babu mai tambayar wa ya tsaya a gefen.

Da gidajen kallon ƙwallo suka shigo gari mun taɓa jan sa ya ga wasan Turai. Bai kai rabin lokaci ba ya miƙe yana kaɗe riga. Ya ce mai ɗaukar hoton nan bai san ƙwallo ba, inda ƙwallo ta yi nan yake bi, ya bar wasan a baya. Bai sake zuwa ba.

Ɗaya daga cikin mutanen Gagarawa Tasha ya ba da wani labari a wajen zaman, wanda ni ma ina wurin aka yi shi amma na manta. Ɗan tsakiya ne a lokacinmu, mai ƙoƙari, sai aka ga ya fara sanyi, har malamin wasanni ya fara maganar ajiye shi a benci. Kawu ya ce a dakata. Ya kira shi bayan atisaye ya nuna masa ƙasa, ya ce, "Wannan takunka ne da aka fara. Wannan kuma naka ne bayan an juya. Ya gajarce da tafin hannu guda, kuma ba ciwo ba ne, don ƙafafun biyu daidai suke. Me ka ci yau?" Bai ci komai ba, kwana uku ke nan garin kwaki yake jiƙawa sau ɗaya a yini, kunya ta hana shi faɗa wa kowa. Tun daga ranar har ya gama karatu, kullum da azahar akwai ƙwaryar furarsa a zauren Kawu. Ya ce Kawu bai taɓa zama ya kalle shi yana sha ba, da ya shigo sai ya tuna yana da aiki a bayan gida.

Ni ne lamba tara a shekarunmu, wato mai ƙarasawa. Ina da tsawo, ina da ƙafar dama mai ƙarfi, ina kuma da kai wanda ya fi ƙafar girma. A gidan Kawu nake zaune, Iya ke wanke mini rigar wasa. A bayana akwai lamba takwas, wani siririn saurayi ɗan Maigatari, marar magana, wanda ke ce wa ƙwallo balo irin na mutanen ƙetaren iyaka, muna yi masa tsiya. A shekara biyu da muka yi tare ban tuna ya ci ƙwallo ta wuce uku ba.

A shekararmu ta ƙarshe wata kwaleji ta zo mana wasa, aka ce akwai mutum biyu daga wata babbar ƙungiya da za su zauna su kalla, kuma ɗan wasa ɗaya za su ɗauka. Muka ci biyu da nema, duka biyun bayan hutu, duka biyun ni na zura. Ɗalibai suka ɗaga ni sama suna zagaye da ni ta bakin layi, don ko a ranar Kawu yana tsaye da sandarsa bai bar kowa ya taka fili ba. A raina na riga na haɗa jakata.

Baƙin suka tambayi malamin wasanni ra'ayinsa. Shi kuma, kamar yadda ya saba, ya waiga ya nemi Kawu. Kawu ya ce su biyo shi. Muka bi su, mu 'yan wasa da ɗalibai da yawa, har gaban ragar yamma. Ya nuna ƙasa da bakin sandarsa.

"Ga takwas nan ya taso daga tsakiya. Bai nufi raga ba, kusurwar fili ya nufa. Ga ƙafar mutum biyu sun bi shi. To nan da suka bari, nan tara yake tsaye. Taku uku ya yi ya buga."

Ya matsa gaba kaɗan.

"Ta biyun, ga inda takwas ya tsaya ya ba da baya, babban nasu ya yi karo da shi. Kun ga inda gwiwarsa ta sauka. Bakwai ya wuce da ƙwallo ta nan, ya miƙa. Tara taku biyu ya yi."

Ɗaya daga cikin baƙin ya ce, "To Baba, wa za mu ɗauka?"

"Takwas. Tara ɗan ƙanwata ne, a gidana yake kwana, ƙafarsa tana da kyau. Amma idan kuka tafi da shi ba takwas, za ku dawo da shi."

Wasu suka yi dariya. Dariyar ce ta ƙarasa ni. Na matso har gabansa, ban rusuna ba, na ce, "Kai da ko sunanka ba ka iya rubutawa ba, kai ne za ka yanke wa mutane hukunci? Shara aka ɗauke ka yi. Ka tsaya a shararka, wannan ba bin sawun shanu ba ne."

Malamin wasanni ya kira ni da tsawa. Kawu ya kalle ni kaɗan, ya juya ya je ya kwance ragar, ya naɗe ta, ya saɓa a kafaɗa ya nufi sito. Da na koma gida da magariba tuwona yana rufe a inda aka saba ajiye shi.

Takwas suka ɗauka. Ni na gama karatu, na samu koyarwa, aka yi ta yawo da ni daga wannan gari zuwa wancan. Kada wani ya ɗauka gaba muka yi da Kawu, da ma ita ce da an samu mai shiga tsakani. Ina zuwa gaishe shi duk Sallah, ina durƙusawa, yana sa mini albarka. Shi ya karɓa mini aure, shi ya yi wa ɗana na fari huɗuba. Abu ɗaya ne ya fita daga tsakaninmu: bai sake yi mini maganar ƙwallo ba, ko sau ɗaya. Idan ina zaune wani ya ɗauko ta, sai ya tambayi yadda damina ta yi a garin da nake.

Ban daɗe ba na gane gaskiyarsa. Na buga wa ƙungiyar wani gari shekara ɗaya, babu mai ja mini, babu mai tare mini, kullum sai in yini a gaban raga kamar mai jiran mota. Daga baya da aka ba ni horar da 'yan makarantar da nake koyarwa, na tsinci kaina ina ce musu mai ja, mai tarewa, mai ɗauka, ban taɓa faɗa musu inda na samo ba. Mahaifiyata ta yi mini magana sau ɗaya. Ta ce, "Ka je ka ba Yaya haƙuri, ba ya riƙo amma yana ji." Na ce zan je. Kullum sai in ga zauren da mutane, ko in ga yana cikin nishaɗi in ce kada in ɓata masa, ko in ce maganar ta tsufa, tono ta ma rashin kunya ne. Gaskiyar ita ce girman kai ne ya tsufa tare da ni.

Ganina da shi na ƙarshe a ƙaramar Sallar da ta wuce ne. Idonsa ya riga ya tafi, yana kishingiɗe a zaure shi kaɗai. Tun kafin in yi sallama ya ce, "Ɗan nan, kai ne? Kana jan ƙafar dama." Na ce shekaru ne, Kawu. Ya ce, "Ita ce mai ƙarfin." Ya juyo da fuskarsa wajena. Wannan ne karon da ya fi kusantar maganar ƙwallo a duk shekarun nan, kuma babu kowa sai ni da shi. Na buɗe baki, na tambaye shi ko yana samun cin abinci. Muka yi hirar magani da zafin gari, na ajiye masa goro, na ce sai na dawo da Babbar Sallah.

Ranar sadakar uku, bayan an yi addu'a mutane sun fara raguwa, wani mutum ya sauko daga motar Maigatari yana dogara sanda. Sai da ya yi magana na gane shi. Takwas ne. Bai yi nisa a ƙwallo ba, gwiwa ta tashi aiki bayan kaka biyu, yanzu awaki yake saye da sayarwa a kasuwar garinsu. Ya yi wa dangi gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya zauna kusa da ni.

"Tara, ya haƙuri?"

"Haƙuri mun gode Allah. Ka sha hanya da wannan ƙafar."

"Ko da rarrafe ne ai zan zo."

Can ya ce yana da wata magana da ya daɗe yana riƙe da ita, bai san ko ya kamata ya faɗa ba. Na ce ya faɗa. Ya ce shekarun baya, kafin idonsa ya lalace, Kawu ya je kasuwar Maigatari neman tunkiya, suka haɗu, suka zauna a rumfarsa. Shi ne ya yi wa Kawu godiyar abin da ya yi masa ranar da baƙin nan suka zo.

"Sai ya ce mini, 'Abin da ƙasa ta nuna na faɗa, ko yau aka tambaye ni shi zan faɗa. Amma maganar ƙarshen nan, ta za su dawo da shi, ba a tambaye ni ita ba. Na sa an yi wa ɗan ƙanwata dariya a ranar da ya fi kowace rana murna. Na so in ce ya yafe mini, to babba da ɗansa, bakin ya ƙi buɗuwa.'"

Sai na tambaye shi abin da na fi buƙata.

"Ni fa? Ya ce ya yafe mini abin da na faɗa masa?"

Takwas ya sunkuyar da kai yana juya sandarsa. Mutum ne da bai iya ƙarya ba tun muna samari.

"Bai ambaci naka ba. Ni kuma ban tambaye shi ba."

A maƙabarta ranar Talata, da aka gama rufe shi, liman ya juyo ya ce duk wanda mamacin nan ya saɓa wa, ya dubi Allah ya yafe masa. Jama'a suka amsa baki ɗaya, "Mun yafe." Ni ma na amsa, a cikin taro, ban san cewa a duk mutanen da ke tsaye a wurin amsata ce ya yi shekaru yana son ji ba. Ya samu tasa, ko da a makare. Ina roƙon Mai rahama ya isar masa da ita, ya yalwata masa kabarinsa, ya haskaka masa shi, ya ba Iya da mahaifiyata juriyar rashinsa.

Liman bai juya ya tambayi kabarin komai a madadinmu ba, don ba a yin haka. Tawa tambayar tana nan a bakina, kuma wanda zai amsa ta ya tafi.